Amai da gudawa ya shigo gari: daidai ne a hana Fulani rijiya, a sallami almajirai?

Tambayar ta fito daga wani malamin firamare a wani ƙauye na ƙasar Ringim, jihar Jigawa, wanda kuma shi ne sakataren kwamitin ci gaban mazaɓarsu. Ya ce a daminar da ta wuce amai da gudawa ya ɓarke a garinsu har aka yi rashe-rashe. Dagaci ya tara masu unguwanni aka yanke abu uku: matan rugar da ke bayan gari su daina shigowa tallan nono da ɗiban ruwa a rijiyar gari, malamin tsangaya ya sallami almajiransa kowa ya koma garinsu, duk gidan da cutar ta shiga kuma a faɗi sunansa a masallaci don jama'a su kiyaye. Ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba, amma an ce masa lalura ce, lalura kuwa tana halatta abin da aka hana. Yana so ya ji ko haka ake yi a ilimin kiwon lafiyar al'umma.

Malam, Allah Ya jiƙan waɗanda kuka rasa, Ya ba ku haƙurin rashinsu. Amsar a taƙaice ita ce a'a, ba haka ake yi ba, kuma rashin kwanciyar zuciyar taka yana da tushe. Sai dai ba na so ka ɗauki wannan amsa ka je ka tsaya gaban dagaci kana nuna masa yatsa. Mutumin da ake kai wa labarin mutuwa safe da yamma, ga asibitin sha-ka-tafi babu ruwan ƙari, ga jama'a sun zuba masa ido, dole ya yi wani abu. Na yi aikin sa ido kan cututtuka a ƙauyukan Kano da Jigawa, na san irin wannan zaman da ake yi a zaure cikin firgici. Abin da ya kamata mu duba shi ne ko matakin da aka ɗauka ya tare cutar, da kuma wanda aka ɗora wa nauyinsa.

Gaskiya ne hukuma tana da ikon taƙaita wa mutane walwala idan annoba ta faɗo. A Najeriya akwai dokar killacewa ta 1926, wadda da ita aka kafa hujjar dokar kulle a zamanin korona a 2020. A 1984 kuma masana shari'a sun taru a garin Sirakusa na ƙasar Italiya suka fitar da sharuɗɗan da duniya ke aiki da su har yau: takurawar ta kasance bisa doka, ta zama tilas ce bisa hujjar ilimi, ta zama mafi sauƙin abin da zai biya buƙata, kada ta nuna wariya, kuma ta zama tana da ranar ƙarewa. Wanda ya ce maka lalura tana halatta abin da aka hana ya faɗi rabin ƙa'idar ne. Malaman fiƙihu sun haɗa ta da 'yar'uwarta, cewa ita lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane mataki guda ɗaya ce: hanyar da cutar take bi aka tare, ko kuwa wani jinsin mutane aka tare?

Kwalara, wato amai da gudawa, hanyarta sananniya ce. Ƙwayar cutar tana fita cikin bahayan wanda ya kamu, ta shiga ruwa ko abinci, wani ya sha ko ya ci. Daga sa'o'i 12 zuwa kwana 5 alamu suke bayyana. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa kwanciya ko kaɗan, suna yawonsu lafiya lau, amma suna zubar da ita a bahaya har kwanaki. Wato a ranar da aka yi wancan zama, ƙwayar tana cikin gari, tana gidan mai unguwa kamar yadda take iya kasancewa a ruga. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar hana zirga-zirga ko hana kasuwanci saboda kwalara.

Mu ɗauki maganar nono. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami, don haka nono mai tsami a karan kansa ba shi ne wurin da ta fi jin daɗin zama ba. Haɗarin yana cikin ruwan da ake sirka shi da shi, da ruwan da ake ɗauraye ƙwarya da ludayi tsakanin mai saye da mai saye, da hannun da ke dama fura. To wannan haɗari ai shi ne dai a wurin mai koko, da mai zoɓo, da mai kunun zaƙi, da yarinyar da ke tallan awara a bakin tasha. Idan an hana Bafulatana an bar waɗannan, to ba ruwan sirki aka hana ba, Fulani aka hana. Da an ce duk mai sayar da abin sha a garin nan, ɗan gari ko baƙo, sai ya yi amfani da ruwan da aka sa wa kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) ko aka tafasa, kuma duba-gari zai zagaya ya gani, da an yi adalci kuma an tare cuta a lokaci guda.

Hana su rijiya kuwa shi ne ya fi tayar mini da hankali. Mutum ba ya daina shan ruwa don an yi doka. Matar da aka kora daga rijiya za ta tafi kududdufi ko tafkin da ruwan sama ya wanko bahayan gari ya zuba a ciki, ta ɗebo wa 'ya'yanta. Bayan kwana uku ruga ta kamu, sai 'yan gari su ce ai ga shi nan, dama mun faɗa daga wurinsu take. Alhali dokar ce ta kai musu. Idan ana zargin rijiyar ta gurɓace, a rufe ta ga kowa a samar da wata. Idan kuma lafiyarta ƙalau ana tsoron kada a gurɓata ta ne, a ajiye guga guda ɗaya da igiyarta wadda ba ta taɓa ƙasa, a zaunar da mutum ɗaya amintacce yana ɗebo wa kowa, yana ɗiga kulorin a kowace jarka gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya auna masa. Wannan aikin sa kai ne da matasa biyu za su iya riƙewa.

Sai almajirai. A nan ba sai na yi dogon bayani daga ilimin boko ba, domin hadisin da kowane ɗalibi ya sani ya riga ya yanke: idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta faɗo kuna cikinta kada ku fita don guje mata. Sallamar yara daga garin da kwalara take, kowa ya nufi ƙauyensu, rarraba ta ne zuwa garuruwan da ba ta kai ba. Mun ga wannan da girmansa a watannin Afrilu da Mayu na 2020, lokacin da gwamnonin Arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. An riƙa loda yara a motoci daga Kano zuwa Jigawa, Katsina, Kaduna da Bauchi, wasu jihohin ma suna maido wa Kano nata, a daidai lokacin da ake hana sauran jama'a tsallaka iyakokin jihohi. Da aka yi gwaji a inda aka sauke su, an samu masu ɗauke da korona a cikinsu a Kaduna da Jigawa da Bauchi. Yaran da aka cusa a mota guda na tsawon sa'o'i, ko mutum ɗaya ne mai cutar a tashar farko, Allah kaɗai Ya san nawa ne a tashar ƙarshe. Duk ra'ayin da mutum yake da shi game da gyaran tsarin almajirci, tsakiyar annoba ba lokacin kwashe yara ba ne.

Kuma ka dubi yaron nan da kyau. Ɗan shekara takwas ko tara, abincinsa ragowar tuwon jiya ne da ya kwana a buɗe, a robar da ba ta ga sabulu ba. Makewayinsa bayan gari ne. Idan gudawa ta kama shi cikin dare babu uwar da za ta ji motsinsa, sai gari ya waye a tarar da shi idanu sun faɗa, ba ya iya ɗaga kai. Shi ne ya fi kowa kusa da mutuwa a garin, shi ya kamata a fara kai wa agaji. Abin da tsangaya take buƙata a makon annoba bai fi ƙarfin gari ba: a haƙa musu masai ko na wucin gadi ne, a ajiye musu randa ko jarka mai kulorin da sabulu, gidaje su karɓi kwanakin dafa musu abinci mai zafi a kai musu can don a dakatar da bara, a kuma koya wa gardi ɗaya ko biyu haɗa ruwan gishiri da sukari. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba yaro tun daga gudawar farko ana kan hanyar asibiti.

Wannan ya kawo ni ga ƙa'idar da na fi riƙewa a wannan aiki. Duk wanda ka hana wani abu don amfanin jama'a, to jama'a sun ci bashinsa. Ka hana almajiri bara, abincinsa ya hau kanku. Ka hana mai talla fita, to cefanen gidansu fa? Ka killace mai mashaƙo a ɗaki, sai ka kai masa magani da ruwa da abinci, ka kuma gaya masa ranar da zai fito. Dokar kulle ta 2020 ta nuna mana haka ƙarara. Ma'aikacin da albashinsa ke shiga asusu ya zauna a gida, amma ɗan ga-ruwa, da mai faskare, da makaho da gurgun da ke zama a bakin kasuwa, da bazawarar da ke soya ƙosai tana ciyar da marayu, su kulle a wurinsu yunwa ce tun daga yinin farko. Ba taurin kai ne ya fito da su ba. Dokar da aka yi ba tare da an tanadi wannan ba, talaka ne kaɗai yake biyan kuɗinta.

Maganar faɗin suna a masallaci tana da ɗan sarƙaƙiya, domin akwai gaskiya a cikin niyyar. Jama'a suna da haƙƙin sanin haɗarin da ke kusa da su. A sanar cewa kwalara ta shigo, a faɗi unguwannin da ta fi tsanani, a faɗi rijiyar da aka rufe, a faɗi inda ake ba da magani kyauta. Sanar da ma'aikacin lafiya da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma sunan gidan kuma wajibi ne, don su je su fesa kulorin, su duba sauran mutanen gidan. Amma shelar sunan mai gida a lasifika ba ta ƙara wa kowa kariya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin ciwon mutum sirri ne, ba a fitar da shi sai da yardarsa, ko umarnin kotu ko doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Maƙwabcin da ya wanke hannu ya sha ruwa mai tsabta ya tsira, ko ya san sunan ko bai sani ba.

Abin da shelar take haifarwa shi ne ɓoyo. A ƙauye ciwon gudawa abin kunya ne, ana danganta shi da ƙazanta. Magidancin da ya ji an kira sunan maƙwabcinsa bayan sallar Magariba, ya ga an daina sayen ƙulin matarsa, an hana yara shiga gidan, idan tasa matar ta fara sai ya ja bakinsa ya yi shiru, ya aika kemis a sayo ƙwayoyi. Na ga ƙarshen irin wannan shirun. An kawo wata mata a amalanken shanu da tsakar dare, an lulluɓe ta da zane. Ka kama fatar cikinta ka saki sai ta tsaya a tattare, muryarta ta dishe, hannunta sanyi ƙalau, ma'aikaciyar jinya tana laluben jijiya da hasken tocila jijiyoyin duk sun ɓace. Tun hantsi take zubar da ruwa. Da aka tambayi surukarta me ya hana a kawo ta da wuri, sai ta ce mai gidan ba ya nan, ba wanda zai ba da izinin fita, kuma ba sa so a ji a gari. Cutar da idan an zo da wuri ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari, ita ce take kashe babban mutum cikin sa'o'i idan aka zauna da ita.

Matan da ke cikin kulle suna cikin waɗanda annoba ta fi cuta, ba kuma a cika lissafa su ba. Su ne masu jinya, su ke wanke zannuwan mara lafiya da kwashe amansa, su ke wankan gawar mace, amma su ne na ƙarshe da ake kai wa asibiti. Wani abu mai sauƙi da na ga ya yi aiki shi ne liman ya faɗa a huɗubar Juma'a cewa kowane magidanci ya ba iyalinsa izini tun yanzu, duk matar da ta ga gudawa a jikinta ko a jikin ɗanta ta tafi asibiti ba sai ta jira shi ba. Wannan ita ce shelar da ta cancanci lasifikar masallaci.

Akwai kuma adalcin da ake gwadawa a cikin asibitin kansa, lokacin da kaya suka yi ƙaranci. A 2021 an samu sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,500 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara ne kan gaba. A irin wannan shekara ledar ruwan ƙari takan zama abin rububi. A ce leda uku ta rage, ga ƙanin wani babba a gari yana zaune yana magana yana iya haɗiye ruwa, danginsa sun cika ƙofa suna cewa a sa masa ruwa. Ga kuma almajiri a kan tabarma ba ya amsa kira, ba wanda ya rako shi sai ɗan'uwansa ƙolo. Ƙa'idar aiki ba ta da ruɗani: mai iya sha a ba shi ruwan gishiri da sukari kofi bayan kofi, zai warke da shi, ledar ta wanda ya kasa sha ce. Amma ƙaramar ma'aikaciyar da ke haya a gidan wani a garin ba za ta iya tsayawa ita kaɗai a gaban manya ba. Tana buƙatar dagaci ya faɗa da bakinsa, tun kafin ranar, cewa a asibitin nan tsananin ciwo ake bi, ko da ɗansa ne a layi. Dokar 2014 ɗin nan ma ta hana a ƙi duba mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, har da rashin kuɗi.

Wataƙila wani ya ce annoba ta wuce, me ya sa za a tono? Saboda mutane ba sa mantuwa, kuma ƙasar Kano ta fi kowa sanin haka. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da jita-jita ta taso a 2003 cewa an gurɓata rigakafin shan inna, wannan tabon yana cikin abin da ya sa ta samu wurin zama. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yulin 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da aka koma aka zauna da sarakuna da malamai, aka saurari ƙorafin iyayen da ke cewa ana bin su gida da ɗigon shan inna kyauta alhali maganin zazzaɓi sai sun saya, kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta 2020 da aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, wadda ake kira ta daji. Mashaƙon da ya taso tun ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, mafi yawa yaran da ba su samu cikakken rigakafi ba ya kama. Ardon da aka kori matansa daga rijiya bara, shi ne za a je wa bana a ce ya tara yara a yi musu allurar sanƙarau ko ta ƙyanda. Ka yi tunanin amsar da zai bayar.

Kada ka fahimce ni da cewa ba a taɓa ware mara lafiya. Mashaƙo da ƙyanda ta numfashi suke bi, raba yaron da ya kamu da sauran yara daidai ne, na kwanaki sanannu, tare da magani. A kwalara ma akwai takurawar da nake goyon baya ko da za ta yi ɗaci: a dakatar da rabon abinci da ruwa a zaman makoki da bukukuwa, masu wankan gawa su zama kaɗan, su sa safar hannu, su yi amfani da ruwan kulorin, kada kuma su taɓa girki a ranar. Waɗannan sun hau kan kowa, mai kuɗi da talaka, kuma kan hanyar cutar suka tsaya.

Shawarata gare ka, tunda kai ne sakataren kwamiti, kada ka jira damina. Ka nemi liman ku je wurin dagaci a keɓe, ba a gaban fada ba, ka ce ranka ya daɗe, mun zo ne a kan shirin bana. Ku roƙi a kira zama da jami'in asibitinku, a gayyato ardo da malamin tsangaya da ungozoma da wakilin masu buƙata ta musamman, su zauna a matsayin masu shawara. A rubuta a takarda wanda zai riƙe guga a kowace rijiya, gidajen da za su dafa wa tsangaya, mai babur ko amalanken da za a tasa cikin dare, da lambar wayar jami'in sa ido na ƙaramar hukuma. A nemi kulorin da ƙunshin gishiri da sukari tun watan Mayu, a ajiye wani kaso a ruga, wani a tsangaya. Idan kuma dagaci zai iya aika wa ardo goro da kalmar ban haƙuri kafin ranar zaman, ka ƙarfafa masa gwiwa ya yi, domin da wuya ardo ya taka ƙafarsa zuwa zauren idan ba a fara da wannan ba.